Daga Tsakuwa Zuwa Kwamfuta: Asalin Kalmomin Lissafi da Kayan Ƙirga

  

Akwai wata magana da ke yawo a tsakaninmu, kowa ya san ta ko da ba a faɗar ta a gaban malam: wai lissafi karatun ƴan lakwal ne, mu namu nahawu da fiƙihu da tajwidi. Shi ya sa ranar da darasin hisabi ya faɗo sai ka ga bayan aji ya cika da masu ciwon kai, wasu kuma a lokacin ne suke tunawa an aike su. To a littafinmu na bana mun ga ya dace mu ɗauki kalmomin lissafin su kansu, da sunayen kayan da ake ƙirga da su, mu raka kowace har ƙofar gidansu. In lissafi baƙo ne a wurinmu, sunansa zai tona shi.

Mu fara da kalmar kanta. Lissafi Larabci ne, al-hisab (الحساب). Bahaushen da ya fara jin ta bai raba alif da lam daga jikin kalmar ba. Sai ya haɗiye alif ya riƙe lam, ya mayar da ba ta koma fa, ya ƙara wasali a ƙarshe saboda Hausa ba ta cika son kalma ta ƙare da ɗauri ba. Ta wannan hanya al-kitab ya zama littafi. Lam ɗin nan ita ce a farkon labari, da liman, da lokaci, da lahira, waɗanda asalinsu al-khabar, al-imam, al-waƙt da al-akhira. Daga baya malamai masu karanta kalmar a rubuce suka sake shigo da ita yadda take, ba alif da lam, ta zama hisabi. Kun ga uwa ɗaya, ƴaƴa biyu. Lissafi ya tafi kasuwa ya zauna har ya haifi aikatau, muna cewa na lissafa, na lasafta. Hisabi kuwa ya tsaya a zaure, ba a cika kiran sa ba sai in ana maganar ranar tsayuwa, ko kuma irin hisabin nan na masu duba.

Tushen kalmar haruffa uku ne, ha da sin da ba, kuma duk wanda ya ɗan taɓa sarfu zai iya ganin danginsu. Muhasib shi ne akanta. Hisba daga nan take, kuma muhtasib a garuruwan Musulmi na da shi ne mai zagaya kasuwa yana duba mudu da sikeli. Ala hasiba ita ce abin da ƴan lakwal ke kira calculatrice, maƙwabtanmu na Najeriya su ce kalkuleta. Da kwamfuta ta zo, Larabawa ba su je nesa ba, sai suka sake komawa ga haruffan nan uku suka ƙera hasub.

Wannan ba ya nufin Bahaushe bai iya ƙirga ba sai da Larabci ya zo. Ƙirga da ƙidaya namu ne, haka tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, haka ɗaya har zuwa goma. Takwarar ƙirga a Larabci ita ce adda, inda muka samo adadi. Idda ma daga nan take, domin kwanaki ne da ake ƙirgawa.

Amma akwai wata kalmar ƙirga ta Larabci da ta fi ba mu sha'awa, wato ahsa, wadda ta zo tare da adad a ayar ƙarshe ta Suratul Jinni. Masu ƙamus sun ce daga hasa take, wato tsakuwa, irin bakwai-bakwai ɗin nan da alhazai ke jifa da su a Mina. Dalili a fili yake. Mutumin da ba ya rubutu, in zai san yawan tumakinsa, sai ya ajiye tsakuwa ɗaya a madadin kowace tunkiya. Da yamma in garke ya dawo ya riƙa ɗauke tsakuwa ɗaya-ɗaya, in wata ta rage a ƙasa to akwai wadda ta kwana a daji. Yau ihsa shi ne sunan ilimin ƙididdiga, wanda gwamnatoci ke ƙidayar jama'a da shi, amma tsakuwar tana nan a cikin sunan.

Abin mamakin shi ne Rumawa ma haka suka yi. A harshen Latin ƙaramar tsakuwa sunanta calculus, kuma da irin ta suke lissafi a kan allo mai layuka. Daga nan Faransanci ya sami calcul da calculer da calculatrice, Ingilishi ya sami calculate da calculator. Ke nan yaron da ke taƙama da kalkuleta a aljihu, in aka bi asali, tsakuwa yake ɗauke da ita. Har yau likitan da ya yi karatu da Faransanci in ya ga tsakuwa a ƙodar mutum calcul zai rubuta, wanda ya yi da Larabci kuma ya rubuta hasat. Mutane biyu da ba su yi shawara da juna ba, sun sunkuya sun ɗauki abu ɗaya daga ƙasa.

Kafin tsakuwa ma akwai yatsa. A nahawu an koya mana cewa ishruna zuwa tis'una ana i'irabinsu kamar jam'in maza lafiyayye, kuma ana kiran su alfazul uƙud. Mun haddace sunan, amma me ya kawo uƙud, wato ƙulle-ƙulle, cikin maganar adadi? Larabawa suna da hanyar ƙirga da yatsu da ake kira hisabul aƙd, inda kowane irin naɗin yatsa ke nufin wani adadi. Hannun dama na ɗaiɗaiku da gomomi, hannun hagu na ɗaruruwa da dubbai, har mutum ya iya nuna 9,999 da hannaye biyu. Wanda bai san wannan ba zai yi ta mamakin hadisin Ibn Umar da ke cikin Sahihu Muslim, inda aka siffanta yadda Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ke riƙe hannunsa na dama a zaman tahiya da adadin 53. Yatsu uku a naɗe su ne ukun, yadda aka ajiye babban yatsa shi ne hamsin. A can Turai kuma yatsa a Latin digitus ne. Shi ya zama doigt a Faransanci, ya zama digit a Ingilishi, wato alƙalamin lissafi guda, daga nan kuma dijital ɗin da ake ta kira yau a rediyo.

Tun da mun taɓo gomomi, bari mu tsaya a kansu. Ashirin, talatin, arba'in, hamsin, sittin, saba'in, tamanin, casa'in, duk Larabci ne, wannan ko yaron allo ya sani. Abin lura shi ne duk sun zo da ya da nun, babu mai wawu da nun. Ba mu ce ishruna ba, ashirin muka ce. Larabcin baka, irin na fatake da ƴan kasuwa, shi ne ya tsayar da su a kan ya da nun ko da wane matsayi suke a jimla. Wannan yana nuna mana cewa a bakin ciniki aka fi jin su. Kafin su zo, Hausawa na cewa gomiya biyu, gomiya uku, kuma akwai hauya, wato ashirin. Zangu, wato ɗari a ƙirgar wuri, da zambar ta dubbai, muna tarayya da Zabarmawa a cikinsu, don har gobe da su suke ƙirga. Tsofaffi kuma suna da minya da metan da arbaminya da hamsaminya da alif da alfyan, wato 100 da 200 da 400 da 500 da 1,000 da 2,000. In kun ji dattijo ya ce metan gaira ashirin, 180 yake nufi, kuma gaira ɗin ita ce gair da muke karantawa a babin togaciya. Ranakun mako ma ƙirga ce kawai: Lahadi ɗaya, Litinin biyu, Talata uku, Laraba huɗu, Alhamis biyar. Ga lam ɗin nan ta sake maƙalewa a farkon uku daga ciki.

Yanzu mu shiga kasuwa, don a nan ne maganar ta fi daɗi. Kalmar kuɗi jam'i ce, tilonta wuri. Wuri kuwa ɗan ƙoƙon wata halittar teku ne, mafi yawansa daga tsibiran Maldibs da ke Tekun Indiya, ya yi wannan doguwar tafiya har ya zama kuɗin ƙasar Hausa. Shi kuɗi ne kuma shi ne abin ƙirga a lokaci guda, daidai da tsakuwar Rumawa. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851, ya kuma ba da labarin yadda aka zauna ƙirgar wuri 500,000 a gabansa. A ƙasashen bakin teku ana shirya wuri a zare, amma a nan warwatse yake, dole a bi shi da hannu. Ana ja biyar-biyar da yatsu, a tara tsibi na metan, wato hauya goma, ko tsibi na dubu. Sai da mutum biyar ko shida suka sa hannu kafin a gama. A Kano a shekarar, wuri 2,500 ke sayen kuɗin azurfa ɗaya na Turawa. In muka raba, duk wahalar nan ta Tasawa ba ta wuce azurfa 200 ba. Wuri ya daɗe da barin kasuwa, amma har yau in an biya kuɗi tsaba muna cewa wuri na gugar wuri.

Ita kuwa dala, tafiyarta ta fi ta wuri ban dariya. Wajen 1520 aka fara buga wani babban kuɗin azurfa a wani gari mai suna Joachimsthal, a cikin Jamhuriyar Cek ta yau. Thal a Jamusanci kwari ne. Sunan ya yi wa mutane tsawo sai suka gutsure shi ya zama thaler, wato ɗan kwari. Shi ya zama dollar, har Amurka ta ɗauke shi, mu kuma muka ce dala. Da Faransawa suka zo da nasu babban kuɗin azurfa na faran 5, sai sunan ya hau kansa, faran ɗaya kuma aka ce masa tamma. An kafa kuɗin sefa a 1945, azurfa ta tafi, amma dala ta ƙi sauka daga kan faran 5. Shi ya sa takardar da aka rubuta wa 500 muke ce mata dala ɗari, ƙwandalar 100 dala ashirin, ta 25 dala biyar. Jika kuwa jaka ce, mai ɗaukar dala metan, wato faran 1,000. A Najeriya jaka fam 100 ce, wadda ta koma naira 200. Baƙon da ya zo daga Kano aka ce masa dala ɗari da hamsin, sai ya yi ta kallon takardun hannunsa, don babu inda aka rubuta 150, abin da ake nema a wurinsa 750 ne. Ba mu kaɗai ke wannan ba. A Cadi faran 5 riyal ce, a wurin Bambarawan Mali dorome, a wurin Wolof na Senegal derem, waɗannan biyun daga dirhami.

Ku duba fa. Inna mai tuyar ƙosai da ba ta taɓa zama a aji ba, kullum tana ninkawa da biyar tana rabawa da biyar a ka, ga hayaƙi ga yara na miƙo hannu, kuma ba a taɓa cin ta da ko dala ba. Ita ba ta ce lissafi na ƴan lakwal ne ba.

Dirhami da dinarin da muke karantawa a babin zakka su ma ƴan ci-rani ne. Dirhami daga drachma na Girkawa, dinari daga denarius na Rumawa, wanda sunansa daga goma yake, don da farko ƙananan kuɗi goma yake ɗauka. Dinarin nan ne ya zama zinariya a bakinmu.

Akwai abin ƙirgar da ke aljihun kusan kowannenmu, wato carbi. Tasbaha da tasbi da cazbi da carbi duk daga tasbih suke, ta ta koma ca kamar yadda tis'in ya koma casa'in. An raba ƴaƴansa 33 sau uku da ƴar alama a tsakani. Wasu carbunan suna da wani ɗan zare a gefe mai ƙananan ƴaƴa goma, duk zagaye ɗaya sai a ja ɗaya. Wanda ya gane wannan ya gane babban sirrin lissafi: ɗa ɗaya a wannan zaren yana daidai da ɗari a wancan. Wurin da abu yake shi ke ba shi daraja. A kan haka aka gina abin ƙirgar nan mai ƴaƴa a jikin sanduna, wanda Larabci ke kira mi'idad, a ma'aunin mif'al na sunan kayan aiki, kamar miftah da mizan. Hausa ma tana da nata ma'aunin, irin na mabuɗi da ma'auni, don haka in za mu raɗa masa suna, maƙirgi ya dace da shi. Mutanen Sin suna ce masa suanpan, wato farantin lissafi, kowace sanda ƴaƴa biyu a sama biyar a ƙasa. Na Japan sunansa soroban, ɗaya a sama huɗu a ƙasa. A watan Nuwamba na 1946 aka yi gasa a Tokiyo tsakanin wani ma'aikacin Japan mai soroban da wani sojan Amurka mai injin lissafi na lantarki, mai soroban ya ci 4 da 1.

Turawa suna kiran wannan abu abacus, Faransawa abaque, daga abax na Girkanci, wato allo. Wasu masana suna danganta kalmar da abaƙ na Ibrananci, wato ƙura, saboda allon da ake baza wa ƙasa a yi zane a kai. Irin wannan allo ya yi zamani a ƙasashen Musulmi. Sunansa takht, lissafin da ake yi a kansa kuma hisabul gubar, lissafin ƙura. A baza rairayi, a rubuta adadi da yatsa ko tsinke, a shafe a sake. Wani malami mai suna al-Uƙlidisi, wanda ya rubuta littafinsa a Dimashƙa wajen 952, bai ji daɗin wannan ba. Ya yi kukan cewa iska na share aikin, hannu na ɓaci, ga shi kuma ana ganin allon a hannun masu duba na bakin titi har a ɗauka kai ma cikinsu kake. Sai ya nuna yadda za a yi lissafin da tawada a kan takarda. Mu da muka san bugun ƙasa mun gane abin da yake gudu. Allon namu shi ma al-lauh ne. Alƙalami kuma al-ƙalam, wanda Larabci ya samo daga kalamos na Girkanci, wato kara, kuma da kara muke feƙe shi har yau. Sai ga shi a Hausa jam'insa, alƙaluma, ya zama sunan 1, 2, 3 ɗin su kansu.

Waɗannan alƙaluma daga Indiya suka taso. A gabashin ƙasashen Musulmi suka ɗauki siffar ١ ٢ ٣ da muke gani a Mus'hafi bugun Madina, ana ce musu hindi. A Magrib da Andalus suka ɗauki wata siffa da aka kira gubar, saboda allon ƙurar nan, kuma ita ce Turawa suka kwafa. Shi ya sa mushe a lakwal yake ce musu chiffres arabes. Wato alƙaluman da wasunmu ke kira na boko, masu bokon da kansu na Larabawa suke ce musu.

Chiffre ɗin ma sifiri ce. Indiyawa sun kira gurbin da babu kome sunya, wato wofi, kuma malaminsu Brahmagupta ya rubuta dokokin lissafi da shi a 628. Larabawa suka fassara ma'anar suka ce sifr, kalmar da dama suke faɗa wa wanda ya dawo hannu rabbana. Wani ɗan Italiya, Leonardo na Pisa da aka fi sani da Fibonacci, ya koyi wannan lissafi a Bijaya ta Aljeriya inda mahaifinsa ke aikin kwastan na ƴan kasuwar garinsu. A littafinsa na 1202 ya rubuta sifr da zephirum, wanda a bakin Italiyawa ya gajarce har ya zama zero. Ta wata ƙofar kuma sifr ya zama cifra, ya zama chiffre. Kalma ɗaya ta haifi sunan babu, ta kuma haifi sunan dukan alƙaluma.

Mutumin da ya fi kowa hannu a wannan tafiya shi ne Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, wanda aka jingina shi ga Khawarizm, kudu da tafkin Aral, yankin Uzbekistan ta yau. Ya yi aiki a Bagadaza zamanin halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833. Littafinsa na lissafin Indiya, asalinsa na Larabci ya ɓace, fassarar Latin ce ta tsira, inda aka rubuta sunansa Algoritmi. Daga nan aka sami algoridim, wato jerin matakan da ake bi a warware matsala. Abin nan da ke zaɓo maka bidiyo a Facebook ko TikTok har ka manta da hadda, sunan wannan malami yake ɗauke da shi. Larabawan yau sun karɓo kalmar sun mayar da ita gida, suna cewa khawarizmiyya.

Ɗayan littafin nasa shi ne na al-jabr wal muƙabala, wanda aka fassara zuwa Latin a 1145, daga sunansa aka sami aljabra. Jabr ɗori ne. Mun san shi a babin tsarki, inda ake maganar shafa a kan jabira, wato tsinken ɗori da ƙyallen da aka naɗe karaya da shi. A Sifaniyanci na da, maɗori algebrista ake ce masa. To me ya karye a lissafi? A ce wani adadi an ɗebe masa 3 ya rage 7. Ɓangaren da aka ɗebe wa ya sami rauni, sai ka ɗora shi ta hanyar mayar masa da 3, ka ƙara wa ɗaya ɓangaren 3 don sikeli ya daidaita, sai ka sami 10. Abin da ba a sani ba yana kiran sa shai'i, wato abu, ko jizr, wato saiwa, wadda ƴan lakwal ke kira racine. In an ninka shi da kansa ya zama mal, dukiya. Sauran adadin kuma dirhamai yake ce musu. Kun ji harshen kasuwa da na alƙali. Ba mamaki, domin kaso babba na ƙarshen littafin duk matsalolin wasiyya da gado ne. Ninkawa kuma a Larabci darb ce, duka, mu ma ai cewa muke a buga lissafi.

Kafin alƙaluman Indiya su bazu, da haruffa ake rubuta adadi, abin da ake kira hisabul jummal: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, har zuwa 1,000. A nan akwai tarko. Jerin mutanen gabas daban da na Magrib, kuma malaman ƙasarmu na Magrib suka bi. A gabas sin 60 ce, shin 300, gain 1,000. A namu sad ce 60, sin 300, shin 1,000. Adadin 786 da wasu ke rubutawa a madadin Bisimilla lissafin gabas ne. In aka buga da namu, sin ta tashi daga 60 zuwa 300, jimla ta zama 1,026. Da wannan hanya marubuta waƙoƙin ajami ke ɓoye shekarar da suka gama waƙa a cikin kalma ɗaya, abin da ake kira ramzi. Alal misali shin da ra da fa, 1,000 da 200 da 80, sun ba da 1280 ta Hijira. Wanda ya karanta da jerin gabas zai sami 580, ya ɓatar da shekara 700 a zama ɗaya. Daga cikin waɗanda suka yi zurfi a ilimin adadi akwai Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, mutumin Katsina, wanda ya rubuta littafi a 1732 a kan yadda ake gina wafaƙi, wato gidajen nan na hatimi da kowane layi ke ba da jimla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Hukuncin aiki da hatimi maganar malaman fiƙihu ce, amma jera 1 zuwa 9 a gida tara, ta kowace fuska a sami 15, wannan lissafi ne zalla, kuma masu tarihin lissafi suna ambaton sunansa a kai.

Kwamfuta ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Daga computare take, wato haɗa ƙirga a Latin, kuma kafin a ƙera injin, mutumin da aikinsa lissafi shi ake kira computer. Compter da compte na Faransanci, da akanta, duk gida ɗaya ne. Faransawa dai ba su so sunan ba. A 1955 kamfanin IBM ya nemi shawarar wani malamin Latin, Jacques Perret, ya ba su ordinateur, wato mai tsarawa. Mu kuma muka ce na'ura mai ƙwaƙwalwa. Na'ura a Larabci ita ce babbar ƙafar katako mai juyawa tana ɗebo ruwa daga kogi, irin waɗanda garin Hama na Sham ya yi suna da su, kuma ma'auninta ɗaya da na hasub.

Saura kalmomin da suka fi kusa da mu. Rabi namu ne, daga raba. Amma sulusi da rubu'i da humusi da sudusi da sumuni da ushiri Larabci ne, kuma fiƙihu ne ya shigo da su. Larabci na kiran irin wannan adadi kasr, karaya, Latin ma fractio ya ce, ma'ana ɗaya. Zakkar kuɗi rubu'ul ushuri ce, rubu'in ushiri, wato ɗaya bisa 40, in dukiya ta kai nisabi ta shekara. Mai jika 1,000 zai fitar da jika 25. Rabon gado kuwa, aya ta 11 da ta 12 da ta 176 na Suratun Nisa'i sun kawo kaso shida: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, sudusi. Haddace su ba wuya. Wuyar tana ranar da aka shimfiɗa tabarma aka ce malam ya raba.

Ga misali. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, ƴaƴa mata biyu, uwa da uba, dukiyar kuma bayan biyan bashi da wasiyya jika 540 ce. Mata na da sumuni, ƴaƴa biyu sulusi biyu, uwa sudusi, uba sudusi. Ƙaramin adadin da 8 da 3 da 6 ke shiga ba saura shi ne 24, shi ne asalin mas'ala. Mata ta sami 3, ƴaƴa 16, uwa 4, uba 4. Ku tara. Ya ba da 27, alhali tushen 24 ne. Wanda ya raba 540 gida 24 ya fara miƙawa, kowane kaso zai kama jika 22 da rabi, abin da zai buƙata ya zama jika 607 da rabi. Kuɗi za su ƙare kafin a zo kan na ƙarshe, kuma mun san wadda aka saba bari a ƙarshe, wadda ke zaune cikin ɗaki tana takaba. A nan lissafin ya ci mata dukan rabonta, jika 67 da rabi daidai.

Maganin shi ne auli, wanda aka fara aiki da shi zamanin Sayyidina Umar: a ɗaga tushen daga 24 zuwa 27, ragin ya hau kan kowa gwargwadon rabonsa. Wannan mas'ala ita ake kira Minbariyya, domin an ruwaito cewa an tambayi Sayyidina Ali ita yana kan mumbari ya amsa nan take, cewa sumunin matar ya koma tusu'i. A raba 540 gida 27, kowane kaso jika 20. Mata jika 60, kowace ƴa jika 160, uwa jika 80, uba jika 80. In kun tara za ku sami 540 cif, kuma 60 ɗin matar ita ce ɗaya bisa tara na dukiyar.